Tanki Cike, Mota Ta Ƙi Tashi

Akwai wani mutum mai tsohuwar mota a-kori-kura, irin mai shan man gas, wanda wasu ke kira dizal. Motar ta girmi 'yarsa ta fari. Fentinta ya koɗe, ƙofar fasinja ba ta buɗuwa sai ta waje, amma ba ta taɓa barinsa a hanya ba.

Daga Litinin zuwa Asabar yana ɗaukar buhunan masara da citta zuwa kasuwa. Ran Lahadi kuwa ba ya ɗaukar kayan kowa. Yakan wanke motar da sassafe, ya ƙetare rafi zuwa wani ɗan ƙauye da ake kira Tudun Kanya, ya ɗauko wata tsohuwa makauniya, Kaka Damaris, ya kawo ta sujada. In an tashi ya mayar da ita. Shekara goma sha ɗaya yana yin haka. Ba danginsa ba ce. Ya dai gan ta wata Lahadi tana laluben hanya da sanda, daga ranar bai ƙara barinta ta taka ba.

Mutumin nan yana da wata al'ada. In zai ta da mota, ba ya murɗa makulli gaba ɗaya. Yakan murɗa rabi, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa, sai ya ɗora hannu a kan sitiyari ya sunkuyar da kai, har fitilar ta mutu. Sa'an nan ya ƙarasa murɗawa. Matarsa ta taɓa tambayarsa, "Addu'a kake yi, ko jiran mota?" Ya ce, "Duka biyun. Mai gas ba a yi mata gaggawa, sai cikinta ya ɗumama."

Ya koya wa matar tuƙi a filin makarantar firamare, har ta taɓa kayar da sandar gola, ya yi mako yana yi mata dariya. Amma abin da ke ƙarƙashin bonet bai koya mata ba. Ya ce akwai lokaci.

Da farkon damina ya kwanta ciwo. Kwana tara, Ubangiji ya kira shi gida.

To, 'yan'uwa, ba zan iya ci gaba da cewa "wani mutum" ba, bakina ba zai ɗauka ba. Kun san shi. Irimiya ne, Baban Keziya, mijina. Matar kuwa ni ce. Da Fasto ya ce in kawo darasin ajinmu na yau, na ce masa ni a aji shida na tsaya, ban iya tsara misali ba. Ya ce in faɗi wanda na sani. Wannan kaɗai na sani.

Ranar jana'iza ban yi kuka ba. Wasunku suna wurin. Mutane suka riƙa kama hannuna suna cewa, "Maman Keziya, kada ki yi kuka, ke ce babba a Zumuntar Mata, ana kallonki." Sai na haɗiye. Ni na ɗaga waƙa a bakin kabari. Aka yi ta yabona, wai ga mace mai bangaskiya. Bayan mako biyu na koma ziyarar marasa lafiya, na koma dafa abincin baƙi, har ta'aziyya nake zuwa yi wa wasu.

Amma akwai abin da nake yi wanda ban faɗa wa kowa ba. Kowace safiya, a lokacin da ya saba fita, sai in shiga motar in ta da ita. In ta kama, sai in matsa zuwa kujerata ta fasinja, in rufe ido. Injin yana ta ƙugi, kujera tana rawa a ƙarƙashina, hularsa tana nan a gaban gilashi inda ya bar ta. Sai in ji kamar ya koma ɗaki ne ɗauko wani abu, yanzu zai fito. In na gaji sai in kashe, in shiga harkokina. Ban taɓa fitar da motar daga gida ba. Ban kuma taɓa zuba mata mai ba. Ina duba allurar mai, kullum tana kan rabi. Ban san allurar ta mutu tun shekarun baya ba, ashe shi da sandar gora yake auna tankinsa.

Wata huɗu ina haka. Ran nan ina zaune ido a rufe, sai injin ya yi tari, ya girgiza sau biyu, ya yi shiru. Shirun nan ya fi mini na ranar jana'iza nauyi. Na sauka, na lulluɓe ta da tampol, ban gaya wa kowa ba.

A kwanakin nan ne kuma na lura addu'ata ta tsaya. Ina durƙusawa, bakina yana motsi, kalmomin da na saba suna fita, amma zuciyata ba ta kamawa. Ina tashi kamar yadda na durƙusa.

Ana saura kwana huɗu Lahadin godiyar kaka, wata mai sayar da daddawa daga Tudun Kanya ta tsaya a ƙofar gidana. Ta ce, "Kaka Damaris ce ta aiko ni. Ta ce in gaishe ki da haƙuri. Ta ce tana da ƙwaryar acca da ta ajiye don godiya, tana so ta kai gaban Ubangiji da hannunta. Ƙafa ta ƙi, babur kuma ba ta iya zama a kai. Ta ce ba ta san ko za ta ga ta baɗi ba."

Kunya ta rufe ni. Wata huɗu tsohuwar nan ba ta zo sujada ba, ni kuwa ina ƙona man da zai ɗauko ta a tsakar gida. Na ce, "Ki ce mata ta shirya. Ran Lahadi ina zuwa."

Ran Alhamis na sayo jarka biyu na gas, na ɗura har tanki ya cika. Na shiga na murɗa makulli. Injin ya juya, gir-gir-gir-gir, bai kama ba. Na sake. Na sake. Yana juyawa da ƙarfinsa, amma kamar mai buga ƙofar gidan da ba kowa.

Ran Jumma'a na kira maza. Dattijo Filibus ne ya fara zuwa, shi da yake da ƙaramar mota mai fetur. Ya naɗe hannun riga, ya buɗe bonet, ya ce, "Wannan ai fulogi ne. Yanzu zan goge miki su." Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya sa tabarau, ya cire. Can ya ɗago ya ce, "Maman Keziya, an sace miki fulogi." Wani daga baya ya ce, "Dattijo, mai gas ai ba ta da irin naku." Ya ce, "To shi ya sa ba ta tashi!"

Suka ce a tura. Maza shida suka fitar da ita kan hanya, ni ina riƙe da sitiyari, suna ta "Saki kuloci! Saki!" Muka gangara har bakin rijiya, motar tana fizga kamar akuyar da ake ja, ba ta kama ba. Suka turo ta suka dawo da ita, gumi ya jiƙa su sharkaf. Wani ya ce a jiƙa tsumma da fetur a kara mata a inda take shaƙar iska. Na ce a'a, na taɓa jin Baban Keziya yana faɗa da wani a kan haka. Kafin la'asar batir ya fara sanyi saboda yawan murɗawa. Dattijo Filibus ya ɗauke shi ya kai caji, ya dawo da shi, ya ɗaura. Da zai tafi ya ce, "Ki yi haƙuri, mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Wataƙila motar ta bi mai ita ne."

Da alheri ya faɗa. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ran Asabar da hantsi ina zaune a kan turmi ina kallon motar, ina tunanin wanda zan aika ya ba Kaka Damaris haƙuri, sai ga Mama Kande mai injin niƙa ta shigo, gari ya yi mata fari har gira. Kun san ta. Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar mijinta, ita take riƙe da injin nan da hannunta. Tana riƙe da sifana biyu da wani tsumma.

Ta ce, "Ke Tabita, garin nan kowa kika kira ban da ni? Har da Filibus, wanda ko keken ɗinki bai iya sa wa mai ba?"

Na ce, "Mama, ai mota ce, ba injin niƙa ba."

Ta ce, "Me injina yake sha, kunu? Tashi ki buɗe mini."

Na buɗe bonet. Ba ta taɓa kome ba tukuna. Ta ce in murɗa sau ɗaya, ta tsaya a bayan motar tana kallon salansa, wato bututun hayaƙi. Na murɗa. Ta ce, "Ya isa, kada ki kashe batir. Ko ɗigon hayaƙi babu. Mai ba ya kaiwa ciki." Na ce, "Tanki a cike yake, ni na cika shi." Ta dube ni ta ce, "Kafin ki cika fa? Ya ƙare ƙaf, ko?"

Na ce, "Ya ƙare."

Ta rage murya. "Katanga ɗaya ce tsakaninmu, 'yata. Kowace safiya ina jinki. Ran da na daina ji, na san abin da ya faru. Na jira ki zo, ba ki zo ba."

Sai ta nuna mini wasu siraran bututu na ƙarfe. Ta ce mai gas in ta sha manta har ya ƙare, takan zuƙi iska a madadinsa. Iskar nan sai ta zauna a cikin bututu ta tsare hanya. Ko ka cika tanki har ya zuba, man ba zai wuce ba. Ko ka murɗa har batir ya mutu, ko ka tara gari su tura ta har kasuwa, ba za ta tashi ba. Sai an buɗe wa iskar ƙofa ta fita.

Ta sa sifana a kan wani ƙaramin noti a saman filtar mai, ta sassauta shi kaɗan. Na ce, "Mama, mai zai zuba." Ta ce, "Zai zuba. Wanda ba ya son ya zuba, ya zauna da motarsa a tsakar gida." Ta kama babban yatsana ta ɗora a kan wani ɗan famfo mai baƙar roba a gefen filtar. "Danna. Saki. Danna. Ba ni zan yi miki ba, motarki ce."

Na fara dannawa. Da farko ba kome, famfon sakwaf kamar ba ya aiki. Na ce ya lalace. Ta ce, "Ke dai danna." Yatsana ya gaji, na sauya hannu. Can sai na ji fis, fis, ga kumfa tana fitowa ta bakin notin, fara, kamar ta sabulu. Ta ce, "Kin gan ta? Ita ce ta hana maza shida cin nasara jiya. Ci gaba."

Kumfar tana fita, mai ya fara biyo ta, ya gangaro mini a yatsu har gwiwar hannu. Sai warin ya bugi hancina.

'Yan'uwa, warin hannun Irimiya ne. Shekara ashirin da shida da wannan warin yake shigowa gida. Ko ya wanke da omo da toka, in ya miƙo hannu ya karɓi kwanon tuwo sai na ji shi. Har faɗa nake yi masa a kai.

Ban san lokacin da abin ya ƙwace mini ba. Na kifa goshina a kan ƙarfen motar, na yi kukan da ban yi a bakin kabari ba. Ba irin na hawaye shiru ba, irin wanda maƙwabta ke ji. Na kira sunansa. Na ce ya tafi bai koya mini kome ba. Na ce wa Ubangiji kwana tara ya yi kaɗan. Na faɗi maganganun da shugabar Zumuntar Mata ba ta faɗa.

Mama Kande ba ta ce in yi haƙuri ba. Ba ta ce ana kallona ba. Ta dafa bayana da hannunta mai gari, ta ce, "Kada ki cire yatsa. Danna. Bari duk ta fita." Ina kuka ina dannawa. Da na ɗan tsagaita ta ce, "Ni shekara biyu na riƙe nawa. A kan injin niƙa ya fashe mini, da layin mata a tsaye da kwanoninsu. Ke kin ci sa'a, kaji ne kawai ke kallonki."

Na yi dariya da majina a fuska.

Ta ce, "Duba." Kumfa ta ƙare. Mai ne zalla yake fita, famfon kuma ya yi tauri a ƙarƙashin yatsana. Nan take ta ɗaure notin tam. Ta ce, "In ya tsarkaka sai a rufe. Ba a barinsa yana zuba har abada." Ta koma kan injin, ta sassauta notin bututu biyu a wurin da suke shiga ciki, ta ce in murɗa kaɗan. Na murɗa, suka yi tsartuwa, kumfa, kumfa, sa'an nan mai. Ta ɗaure su, ta goge da tsummanta.

Na kai hannu zan murɗa da sauri. Ta buga ƙofar motar. "Ke! Haka kika ga mai ita yana yi?"

Na murɗa rabi. 'Yar fitilar ta kama. Na ɗora hannu a kan sitiyari, daidai inda nasa ya cinye robar, na sunkuyar da kai. Ban shirya wata addu'a ba. Abin da ya fito shi ne, "Uba, ga ni." Ya kuwa fito daga ciki, na ji fitowarsa. Da na ɗaga kai fitilar ta mutu. Na ƙarasa murɗawa.

Gir-gir-gir, ta yi tari. Gir-gir, ta girgiza kamar za ta fasa. Sai ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse, Mama Kande tana tari tana cewa, "A kira Filibus ya zo ya ga fulogi!"

Ran Lahadi na wanke ta, na ƙetare rafi. Kaka Damaris tana zaune a ƙofar gida da farin ɗankwali, ƙwaryar acca a cinya. Tun ban tsaya ba na ga ta karkata kunne. Na sauka na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Tun daga rafi na ji ta. Zuciyata ta ce Irimiya ne. Sai na ji an faɗa ramin gindin kanya, na ce a'a, Irimiya ya san ramin nan. Matarsa ce." Ta laluba ta kama hannuna ta kai hancinta. Ta daɗe a haka. Sa'an nan ta ce, "Buɗe mini ta waje, 'yata, ƙofar nan ba ta buɗuwa ta ciki."

Da hannunta ta ajiye accar a gaban bagade. Kuna nan, kun gani.

Yanzu ga ma'anar wannan misali, gwargwadon abin da aka ba ni in gane.

Motar nan zuciyar mai bi ce. Man kuwa alherin Allah ne da maganarsa. Ni na yi wata huɗu ina ƙona abin da ke ciki ba na ƙarawa, ina duba allurar da ta mutu, wato yabon mutane, tana ce mini da saura. Da na farga na koma ɗurawa. Ban fasa sujada ba, ban fasa karatu ba. Tanki ya cika, amma ba abin da ke kaiwa ciki, gama baƙin cikin da na haɗiye ya zauna a hanya. Laifin ba na man ba ne. Alherin Ubangiji bai taɓa raguwa ba. Hanyar ce ta toshe.

Wataƙila a cikinmu akwai wanda yake haka yau. Naka ba lalle mutuwa ba ce. Ko fushi ne da ɗan'uwa, ko wata kunya da ka binne, ko tambayar da kake jin tsoron yi wa Allah. Kana durƙusawa, baki yana juyawa, zuciya ba ta kamawa. Kada ka ce ka mutu. Motar da ke juyawa da ranta. Kada kuma ka yi ta murɗawa da ƙarfi har ɗan ƙarfin da ya rage maka ya ƙare. Nemi wanda ya taɓa bin hanyar, ka bari ya sassauta notin. Za a ga kumfarka, hannu zai ɓaci. Ubangijinmu kansa ya yi hawaye a bakin kabarin abokinsa, a gaban jama'a, ba wanda ya isa ya ce bangaskiyarsa ta kasa.

Mu kuma da muke zuwa ta'aziyya, mu yi hankali. Mazan da suka tura motata suna ƙaunata, guminsu shaida ne. Haka waɗanda suka ce kada in yi kuka. Amma turi ba ya fitar da iska. Wani lokaci abin da ɗan'uwanka yake bukata shi ne ka tsaya kusa da shi da tsumma a hannu, ka rufe bakinka, har abin ya gama fita. In ya gama, ka taimake shi ya ɗaure, ya jira fitilarsa a gaban Ubangiji ba gaggawa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi yi mini zafi. Ba a yi motar nan don ta tsaya a tsakar gida tana yi mini ƙarar mijina ba. An yi ta don ta ƙetare rafi. Duk safiyar da na zauna a cikinta ido a rufe, akwai wadda take zaune a ƙofar gidanta tana kasa kunne. Allah ba ya ta da mu don mu ji daɗin ƙarar kanmu. Akwai mai jira.

Har yanzu ina kuka wasu ranaku. Ba na ɓoyewa kuma. Sandar gorarsa na same ta a bayan kujera, da zanen wuƙa uku a jikinta, duk Asabar da ita nake auna tanki. Ramin gindin kanya ma na fara kauce masa.

In an tashi sujada, ni da Mama Kande muna gindin mangwaro, wurin da nake ajiye motar. Ba za mu daɗe ba, don Kaka Damaris ba ta son rana ta yi mata. Amma duk wanda tasa take juyawa ba ta kamawa, ya zo. Ba za mu tura ka ba. Sifana tana jakata.

Mu yi addu'a.